Zafi yana hana ni barci a cikin tanti

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba kwana a tanti lokacin zafi.

Tantina na nailan ne, raga a ciki, murfin ruwan sama a waje. Da hantsi ya ɗaga ba ya shiguwa, wannan na haƙura. Dare ne ya dame ni: waje ya yi sanyi, ciki kuwa zafi na nan har tsakar dare, zufa ta jiƙa shimfiɗa sharkaf.

A gindin bishiya na kafa shi, amma da la'asar inuwar ke gushewa, rana ta buge shi. Na cire murfin, ya ɗan yi sauƙi, sai raɓa ta sauko mini da asuba. Fanka mai batir zafin kawai take juyawa. Na rataya jiƙaƙƙen tawul a ƙofa, amma iskar wurin akwai laima, ruwan ba ya bushewa, sai ma ƙarin cunkushewa. Ƙasan tantin har dare da ɗuminsa. Zuge ragar kuwa, sauro ba zai bari ba.

Idan na ɗaura tamfol a samansa tun safe, da tazarar da iska za ta ratsa, zai hana ƙasar riƙe wannan zafin har dare? Na gode.