Neman shawara: filta tana rikita min sakamakon binciken makarantu a Looker Studio

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin damuwa, don Allah a taimaka. Mun yi bincike a makarantun sakandare 12 kan dalilan fashin zuwa makaranta, ta Google Forms, amsoshi 1,840 suka shigo Google Sheets. Da farko takarda muka so amfani da ita, aka ce tsada, muka koma wayoyin malamai, wasu ajujuwan ma sai da aka maimaita saboda rashin sabis. Yanzu na haɗa allon bayanai a Looker Studio, manhajar Google mai nuna bayanai a zane, don kowane firinsifal ya zaɓi makarantarsa, aji da jinsi ya ga nasa. Matsala uku: akwatin zaɓen dalili yana nuna jeri mai tsawo kamar "Kuɗin mota, Talla, Rashin lafiya" a layi guda, in na zaɓi makaranta wasu zanukan ba sa motsi, kuma kason bai yi kama da gaskiya ba. Ranar Alhamis zan nuna wa kwamitocin kula da makarantu (SBMC).

Malamin lissafi: Wa alaikumus salam Malam. Ba ka faɗa mana irin tambayar ba, amma da gani ta zaɓen amsa fiye da ɗaya ce. Google Forms yana zuba duk abin da ɗalibi ya zaɓa a gida ɗaya na tebur, waƙafi ne kawai a tsakani, Looker Studio kuma yana ɗaukar gidan nan a matsayin amsa guda. Kada ka taɓa shafin da fom ke zuba amsoshi. Buɗe sabon shafi, ka jawo bayanan, ka yi wa kowane dalili ginshiƙinsa: =IF(REGEXMATCH(G2,"Talla"),1,0), wato 1 in ɗalibi ya zaɓi dalilin, 0 in bai zaɓa ba. A allon sai ka ɗauki matsakaicin ginshiƙin, ka mai da shi kaso. Ko wace filta (akwatin zaɓe) aka danna, zai ba ka kason ɗalibai daidai. Wanda bai amsa tambayar ba a bar gidansa babu komai, domin in ka sa masa 0 zai ja kason ƙasa.

Injiniya: Wannan duk wahalar da kai ce. Malam, ka bar Looker Studio ka koma Power BI na Microsoft, magana ta ƙare. Power BI Desktop kyauta ne. A Power Query, sashensa na gyaran bayanai, ka raba ginshiƙin ta waƙafi zuwa layuka, kowane dalili ya samu layinsa tare da lambar ɗalibi, ka share gurbin da ke maƙale a gaban kalma, ka haɗa teburin da na ɗalibai ta wannan lambar, ka sa silaisa uku, wato filtocin Power BI. Kafin la'asar ka gama. Kason da kake kuka da shi kuwa, ga tushensa: a ce ɗalibai 100 sun ba da amsoshi 160, 80 daga ciki sun ce kuɗin mota. In ka raba da yawan amsoshi za ka ga kashi 50, alhali kashi 80 na yaran ne suka faɗa. Da DISTINCTCOUNT na lambar ɗalibi ake rabawa, wato a ƙirga kowane ɗalibi sau ɗaya. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutane su tattara bayanai ba tare da ba kowane mai amsa lamba ba, sannan su zo suna neman gyara.

Mai tambaya: Na gode Injiniya, amma ba zan iya sauya manhaja saura kwana uku ba. Kuma firinsifal ɗinmu da waya za su buɗe, ba su da asusun Microsoft. Lambar ɗalibi kuwa da gangan muka ƙi sa wa, don yara su saki jiki.

Injiniya: Lambar layi ma ta isa, ba sai ta rajista ba. Batun asusu kuma, ka wallafa shi a intanet, ka tura musu adireshin ta WhatsApp, kowa ya buɗe.

Hajiya mai kula da bayanai: A'a Injiniya, nan kam ban yarda ba. Wallafawar da kake nufi ta kowa da kowa ce: duk wanda ya samu adireshin ya shiga, kuma Microsoft da kansa ya yi gargaɗin cewa ana iya kai wa ga bayanan da ke ƙarƙashin rahoton ko da ba a nuna su a zane ba. Tsarin da ke taƙaita wa kowa layukansa ba ya tafiya da irin wannan wallafawar, raba rahoto a killace kuma yana buƙatar lasisi. Malam, matsalarka ta huɗu ita ce babba, ba ka ma lissafa ta ba. A zaɓi makaranta ɗaya, SS3, mata. In 'yan mata huɗu suka rage, biyu sun ce "tsoron wani malami" ko "maganar aure", firinsifal ya san su da suna da gidajensu. Cire suna bai ɓoye kowa ba. Ka sa ƙa'ida: duk rukunin da bai kai 10 ba, kada zane ya nuna komai. Ana yi da filin lissafi, wato sabon ginshiƙi mai fomula a Looker Studio: CASE WHEN COUNT_DISTINCT na lambar layi ya gaza 10 THEN NULL. Ko hakan ma da saura, domin mai wayo zai duba jimillar aji, ya duba maza, ya debe, matan su fito. Shi ya sa gara ka haɗe ajujuwa zuwa JSS da SS kawai. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta tanadi neman izinin iyaye ko waliyyi kan bayanan yara. Kun nema?

Mai tambaya: Hajiya, makarantun ne suka sanar da iyaye. Haɗe ajujuwa kuma ba zai yiwu ba, su firinsifal ɗin ne suka ce aji-aji suke so, don su san inda za su sa ido.

Hajiya mai kula da bayanai: Sa idon nan shi nake ji wa yaran tsoro. To aƙalla zaɓi ɗaya: ko filtar aji ko ta jinsi, ba duka biyun a shafi guda ba. Amsoshin da yara suka rubuta da kansu kada su shiga allon sam. Kuma a saitin rabawa ka kashe damar saukewa da kwafa, in ba haka ba mai kallo zai fitar da bayanan zane zuwa fayil.

Malamin lissafi: A dawo kan zanukan da ba sa motsi. Duba abu uku. Filta tana aiki ne a kan zanen da tushen bayanansa ke da wannan filin. In wani zane daga wani shafi yake ja, inda ginshiƙin yake da wani suna, ba za ta taɓa shi ba. Mafi sauƙi, komai ya sha daga tushe ɗaya. Na biyu, in ka taɓa danna Ctrl+G ka ƙulla filtar da wasu zanuka, su kaɗai za ta yi wa aiki. Na uku, filtar shafin farko ba ta bin ka shafi na biyu sai ka mai da ita ta rahoton gaba ɗaya. Sannan in malamai da hannu suka rubuta aji, za ka tarar da JSS1, Jss 1 da JS1 a matsayin ajujuwa uku. Gyara su a sabon shafin. Kada ka tsorata in gyara bai fito nan take ba, bayanan Sheets kan ɗauki minti 15 kafin su sabunta, sai dai ka danna sabuntawa da kanka.

Don kowane firinsifal ya ga makarantarsa kaɗai, akwai tacewa ta imel a tushen bayanai: ka ƙara ginshiƙin imel ɗin firinsifal a kowane layi. Sharaɗin shi ne ya shiga da asusun Google ɗin da ka rubuta, ya kuma amince.

Injiniya: Rabinsu sun manta kalmar sirrin Gmail ɗinsu, a shagon waya aka buɗe musu. Ranar Alhamis allo zai fito musu fayau, su ce bai yi aiki ba. Na faɗa, Power BI.

Mai tambaya: Malam, na yi ginshiƙan 0 da 1, kason ya daidaita, zanuka biyu sun fara motsi, Allah ya saka. Filtar aji da ta jinsi dai na bar su, ba ni da bakin cire su. In na sa ƙa'idar 10 ɗin nan, makarantu uku ƙanana kusan komai nasu ɓacewa yake. In sauke ta zuwa 5?