Tiyatar gwiwa da ake yi da kyamara: ta dace da dattijo ɗan shekara 63?

Abban Sadiya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san abin. Mahaifinmu shekararsa 63, gwiwar dama ta dame shi kusan shekara biyu. Tana ciwo in zai tashi daga zaune ko zai hau bene, sujada ma sai da dabara. An yi hoton MRI, wato na na'urar da ke nuna cikin gaɓa, aka ce guringuntsin da ake kira meniskus ya yage, kuma akwai zaizayewa a gaɓar. An ba mu shawarar aikin nan da ake huda gwiwa a zura kyamara a gyara, ba sai an farke ba. Yaya ake yin sa? Zai raba shi da ciwon? Kuma sai yaushe zai koma sallah yadda ya saba?

Malam Habu:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Bari in fara da yadda aikin yake.

A tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙauri akwai meniskus guda biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kowanne mai siffar jinjirin wata. Su ke rarraba nauyin jiki don kada ƙashi ya riƙa nika ƙashi. Likita yakan yi huji biyu a gaban gwiwa, dama da hagun jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa, kowanne bai wuce santimita ɗaya ba. Ta ɗaya ake zura madubin, wanda kaurinsa milimita 4 ne, da fitila da kyamara a jikinsa, hoton yana fita a allo. Ta ɗayan ake zura kayan aiki: ƙugiyar lalube, ɗan almakashi, da injin aske guringuntsin da ya yi buzu-buzu. Ana ta tura ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa cikin gaɓar don ta buɗe a ga ko'ina, shi ya sa gwiwar ke kumbura na ƴan kwanaki bayan an gama.

Galibi allurar baya ake yi, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, ko kuma a sa mutum barci gaba ɗaya. Ana barin abinci awa 6 kafin a shiga. Aiki mai sauƙi minti 30 ne zuwa awa ɗaya, kuma da yawa a ranar ake sallamar su.

Abubuwa uku ku gaya wa likita ko bai tambaya ba: in Baba yana da ciwon suga, in yana shan maganin tsinka jini, da in akwai sikila a jininsa. Na ƙarshen saboda sau da yawa ana ɗaure cinya da wani madauri mai iska don a tsayar da jini lokacin aiki, kuma mai sikila sai an yi lissafi kafin a ɗaure masa.

Hajiya Maman Ummi:

Amin. Malam Habu ya yi bayanin aikin daidai, amma Abban Sadiya, tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, kuma amsarta ba lallai ta yi maka daɗi ba. Yadda ka siffanta ciwon Baba, wato shekara biyu yana ci a hankali, babu faɗuwa, babu gurɗewa, ga zaizayewa a hoto, wannan amosanin gaɓa ne na tsufa. Yagewar meniskus a irin wannan gwiwa ɓangare ce ta zaizayewar, ba ita kaɗai ke kawo ciwon ba. In ka tara mutanen da suka haura 50 ka yi musu MRI, za ka samu da yawa meniskus ɗinsu a yage alhali ba sa jin komai.

An gwada abin, ba zance ba ne. A 2002 a Houston ta Amurka, an raba marasa lafiya 180 masu amosanin gwiwa: wasu aka wanke musu gaɓar, wasu aka wanke aka kuma aske, wasu kuma aka ɗan tsaga fata kawai aka ɗinke ba tare da sun san ba a yi musu komai a ciki ba. Bayan shekara biyu, waɗanda aka yi wa aikin gaske ba su fi sauran samun sauƙi ba. A 2013 aka sake irin wannan gwaji a Finlan, a kan yagewar meniskus ta tsufa, sakamakon bai canza ba. Shi ya sa a 2017 mujallar likitoci ta BMJ ta fitar da shawara mai ƙarfi cewa kada a riƙa yin wannan tiyata ga gwiwar da zaizayewa ce matsalarta. Kyamara ba ta mayar da guringuntsin da ya cinye. Ƙari ma, duk abin da aka yanke daga meniskus ya tafi ke nan, nauyin da yake ɗauka sai ya koma kan ƙashi.

Inda aikin ke da amfani na gaske shi ne inda wani abu ya tokare gaɓar. Saurayi ya murɗe gwiwa a filin ƙwallo, meniskus ya tsage ya naɗe a tsakiya, ƙafa ta ƙi miƙewa: wannan ba a jira da shi, a cikin ƴan makonni ake son a ɗinke. Haka ɓallen guringuntsi ko na ƙashi mai yawo a cikin gaɓa. Haka tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda ake kira ACL, inda ake ɗebo wata jijiya daga bayan cinya ko gaban gwiwa a dasa. Haka gwiwar da ƙwayar cuta ta shiga ta tara mugunya, dole a wanke ta da gaggawa.

Don haka ku tambayi Baba abu ɗaya: gwiwar tana kullewa, ta ƙi miƙewa sai ya girgiza ta ko ya murza ta? In a'a, ku fara da waɗannan na aƙalla wata uku: atisayen ƙarfafa tsokar cinya a wajen masu gashin ƙashi na asibiti, maganin shafawa na rage zafi, sanda a hannun hagu tunda dama ce ke ciwo, da rage ƙiba in akwai. Kilo ɗaya da ya sauka daga jiki yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Ku kuma nemi hoton ƙashi wanda ake ɗauka mutum yana tsaye, don shi ke nuna ainihin yadda tazarar gaɓar ta tsuke. Ba laifi ba ne ku ji ta bakin likitan ƙashi na biyu, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala in kuna kusa da Kano.

Abban Sadiya:

Na gode ƙwarai, Hajiya. Na tambaye shi, ya ce tana ƙara in ya lanƙwasa, amma ba ta taɓa kullewa ba. To in daga baya ta fara kullewa aka ce sai an yi, yaya jinyar take?

Malam Sanusi:

Ƙara kaɗai ba dalilin tiyata ba ce, Malam. Game da jinya kuwa, ta danganta da abin da aka yi a ciki, kuma nan ne mutane ke ruɗewa don daga waje hujin iri ɗaya ne.

In datsewa aka yi, wato aka yanke ɗan yagaggen aka daidaita baki, mutum yakan taka a ranar ko washegari, ya riƙe sanda na ƴan kwanaki, ya koma harkokinsa a mako 2 zuwa 6. In ɗinkewa aka yi, labari ya bambanta. Meniskus gefensa na waje ne kawai ke samun jini, kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma nan ne ɗinki ke kamawa. Sai an sa takalmin gwiwa, wato madaurin da ke riƙe ta, a hana lanƙwasa ta ta wuce digiri 90 na mako 4 zuwa 6, tsuguno mai zurfi kuma sai bayan wata uku zuwa huɗu. A shekarun Baba da wuya a ɗinke, don guringuntsin ya yi laushi, zare ba ya riƙe shi. Mai dashen ACL kuwa, kada ya koma ƙwallo kafin wata 9.

Sallah: tsayuwa da ruku'u ba su cika wahala ba, sujada da zaman tahiya ne ke naɗe gwiwa har ƙarshe, kuma goshin gwiwa daidai wurin hujin ne ke taɓa ƙasa. Ya yi a kan kujera har likita ya ba shi izini. Haka masai na tsuguno, a sama masa na zama ko kujerar da aka fafe tsakiyarta.

A makon farko, a ɗora ƙafa a kan matashi ta fi ƙugu tsayi, amma matashin ya kasance ƙarƙashin dunduniya, ba ƙarƙashin gwiwa ba. In aka saba kwantar da gwiwa a lanƙwashe, miƙewarta daga baya sai an sha wuya. Ƙanƙara a naɗe cikin tawul, minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini. Tun ranar farko ya riƙa motsa idon sahu sama da ƙasa, yana matse tsokar cinya yana saki. Kada ruwa ya taɓa bandeji, zare kuma ana cire shi a kwana 10 zuwa 14.

Abubuwan da ke mayar da mutum asibiti nan take: zazzaɓi tare da gwiwa mai zafi da ja ko ruwa na fita daga hujin, don alamar ƙwayar cuta ce a gaɓa, kuma tana cin guringuntsi cikin kwanaki. Sai ciwo da kumburin sha-raɓa, wanda kan nuna jini ya daskare a jijiya, in ya haɗu da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kada a jira gari ya waye. Ɗan rashin ji a fata kusa da hujin kuwa ba abin tsoro ba ne, ƙaramar jijiyar ji ce aka shafa, yawanci tana dawowa a hankali.

Kuma don Allah, kafin aiki ko bayansa, kada a bari a yi wa gwiwar tsaga ko ƙaho, ko mai ɗori ya ja ta da ƙarfi. In akwai sabon miki a fatar gwiwa ranar tiyata, likita zai ɗage aikin har sai ya warke.