Ci ko Bari: Shawarwari Kan Kuɗin Ritaya da Gado

Da aka zauna kan batun ko mai ritaya ya ci kuɗinsa ko ya bar wa magada, bakin masana ya zo ɗaya: lafiya da abinci ne gaba, gado na biye. A ware kuɗin magani da cefane na aƙalla shekara biyu tukuna, don hawan jini da ciwon suga ba sa jiran fansho ya shigo.

An ja kunne sosai kan jibge naira. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, wato kuɗin da ke kwance narkewa yake. Abin da za a bar wa iyali gara ya zama gona ko gidan haya mai takarda.

A shari'a, jana'iza da bashi ake fara cirewa, sai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji. Inda aka fi tuntuɓe shi ne kyauta: uba ya ce ya ba 'yarsa gida, amma makulli na aljihunsa har ya rasu. A mazhabar Malikiyya gidan ya koma gado. A miƙa tun da rai da lafiya, gaban shaidu, a rubuta.