Fitarmu daga CEDEAO da kuɗin duwan: kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa

Ɗan Ader, Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya bayan la'asar gardama ta kaure a rumfarmu har muka kusa ɓatawa da aminina. Shi yana cewa tun da Nijar ta bar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kuɗin duwan (kwastan) ne ya karya kasuwa, ni kuwa na ce ba a nan gizo ke saƙar ba. Da na koma gida sai na lura dukanmu daga rediyo da WhatsApp muke ɗebo hujja. Ranakun kowa ya san su: takunkumin da CEDEAO ta sa mana bayan juyin mulki ranar 30 ga Yuli 2023, sanarwar ficewa ta 28 ga Janairu 2024, da tabbatarta ranar 29 ga Janairu 2025. Abin da nake roƙo shi ne wanda ya ɗauki kaya ya tsallaka iyaka, ko yake da nasa a waje, ya gaya mana abin da ya same shi.

Mai Albasa, Galmi

Wa alaikumus salam. Malam, ni dai duwan bai taɓa kashe ni ba, rufe iyaka ne ya so ya kai ni ƙasa. Albasa kayan gona ce, a dokar CEDEAO ba ta biyan kuɗin shiga wata ƙasa ta ƙungiyar. A takarda ke nan. A hanya kuwa, daga nan zuwa Kumasi, kowane shinge sai ka sauko ka gaisa da masu shi, kuma gaisuwar ba ta baki ba ce. Haka munka saba tun muna ciki.

A damanar 2023 na fiddo albasar da na ɓoye a rudu tun bazara, ina jiran ta yi daraja. Mu uku munka haɗa kamyo guda. Motar na isa Gaya anka ce gadar shiga Benin a rufe take. Munka ce kwana biyu ne, a yi haƙuri. Wanda ya san albasa ya san ba ta jira, balle cikin ruwan Agusta ƙarƙashin tanti. Kafin mako ya zagayo ruwa ya fara ɗiga daga ƙasan mota, warin ya hana kowa matsowa. Abin da munka tsinta munka sayar da shi nan gida da araha, sauran munka zubar. Ɗaya daga cikinmu bashi ya ci ya yi noman, sai da ya sayar da injin ban ruwansa ya biya. Har yau in ya ga kamyon albasa ya wuce sai ya kau da kai.

Hajiya Mai Atamfa, Yamai

Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ɗan Ader, bari in ba amininka lissafi, don takardun duwan ba baƙina ba ne. Tun Janairun 2015 ƙasashen CEDEAO ke aiki da jadawali guda kan kayan da ke shigowa daga waje, hawa biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. A kan wannan akwai wani ɗan kaso, rabin ɗaya cikin ɗari, da ake karɓa don ƙungiyar. A ƙarshen Maris 2025 shugabannin AES, ƙawancen Nijar, Mali da Burkina, suka sa nasu, shi ma rabin ɗaya cikin ɗari, kan kayan da ke zuwa daga wajen ƙasashen uku. Kayan miliyan ɗaya, jika biyar ke nan. Jika biyar ba ta rufe shago.

Abin da ya gasa mana aya a hannu hanya ce. Da kayanmu Kwatano suke sauka, su bi Paraku, Malanbil, Gaya, Doso, sai Yamai, kilomita wajen dubu. Yanzu sai Lome, a ratsa Burkina. Kuɗin mota ya hau, kwanaki sun yi yawa, jarin da nake juyawa sau da dama a shekara yanzu kwana yake yi a hanya. Mai saye kuwa ni yake kallo, yana ganin ni na ƙara.

Direban Kamyo

Gaskiyarki, Hajiya. Ni nake bin wannan hanyar. Ba a tafiya kai kaɗai, sai an tara motoci an samu rakiyar sojoji. Ka iso Kaya ka zauna, ka iso Dori ka zauna, kafin a shiga Tera. Na taɓa yin makonni ina kwana ƙarƙashin mota, guzurina ya ƙare, yaron motata ya kwanta da zazzaɓi. Kuma in ayari ya tashi ba mai fira, kowa addu'a yake, don mun san abokan aikinmu da suka bi hanyar ba su dawo ba.

Malama Uwar Biyu, Yamai

Ina jin ku, kuma ban raina asarar kowa ba. Amma ni ina goyon bayan fitar, kuma ba daga rediyo na ɗauko ba. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a farkon Agustan 2023, mahaifiyata tana kan allurar ciwon suga, wadda sai a firiji take zama. Ƙanƙara na riƙa bi unguwa-unguwa ina nema, ita ma ta yi wuya. Maganin kansa ya fara ƙaranci a shagunan magani. Tsohuwar nan ba ta san abin da ake kira juyin mulki ba, amma ita aka hukunta. Ƙungiyar da muka kafa tare da su a Legas tun 1975 ce ta yi mana haka, har da barazanar turo sojoji. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma abin bai fita raina ba.

Kuma ku tuna, a Agustan 2019 Buhari ya rufe iyakokin Najeriya har zuwa Disamban 2020. Muna cikin CEDEAO a lokacin, su ma suna ciki. Mutanen Ƙonni su faɗa, wace takarda ce ta buɗe musu Ilela? Moritaniya ta fita tun 2000, ga ta nan tana rayuwarta.

Ɗan Bida, Abijan

Yaya, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Sai dai Moritaniya na da teku, mu ba mu da shi. Mu Adarawa da ke nan Kurmi ba ma ƙirguwa, gidaje da yawa a Tawa da abin da muke aikawa suke cefane. Yarjejeniyar 1979 ce ta ba mu damar shiga ba biza. Ranar da fitar ta tabbata CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta, kaya ma su ci gaba da wucewa kamar da, har sai an sake shawara. Kawo yanzu ba wanda ya kore ni. Amma wannan “har sai” ɗin ita ke hana ni barci. Na so in ƙara jari a shagona, na fasa. Ƙanena ya so ya biyo ni bana, na ce ya dakata.

Baba Dillali, Tawa

Yara, ku bar ni in ƙara wata. Ba baƙi kaɗai ke rufe ƙofa ba. A Oktoban 2024 an hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina, kuma gabanin layyar 2025 an hana fitar da dabbobi. Na san dalili, ana so talaka ya samu gero da rago da sauƙi, kuma wasu sun samu. Amma ni na ga makiyayin da ya shekara yana kiwata raguna da dussa mai tsada, yana jiran masu saye daga Sakkwato, ya tsaya a kara har yamma ba wanda ya taya masa kuɗin da zai mayar da dussar. Na riƙe igiyar ragonsa, kunya ta hana ni faɗa masa tayin da aka yi.

Ɗan Ader, Tawa

Na gode ƙwarai. Malama, maganar Inna ta taɓa ni, ban da abin cewa a kanta. Hajiya, zan kai wa aminina lissafin jika biyar ɗin. Abin da ban gane ba har yanzu: muna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen sefa, tare da Benin, kuɗi ɗaya muke kashewa, Najeriya ma an buɗe tsakaninmu tun Maris 2024, me ya sa iyakar Gaya da Benin ta fi kowace wuya?

Direban Kamyo

Daga ɓangarenmu ne aka ƙi buɗewa, an ce saboda tsaro. Na tsallaka da kwalekwale sau biyu, mutane da buhuna duk a ciki, kowane ɗauko da saukewa da kuɗinsa. Mota dai ba ta shiga kwalekwale.

Mai Albasa, Galmi

Don Allah wanda ya bi ta Ƙonni zuwa Ilela cikin wannan makon ya gaya mini yadda shingayen suke, da ko ana barin babbar mota ta wuce da dare. Ina da lodi ranar Laraba, kuma wannan karon ban son ta kwana a hanya.