Don Allah shawara nake nema kan ciwon ƙanwata

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce, shekararta 24. Tun rasuwar Baba take ciwon gaɓoɓi, gashi na zuba, in ta shiga rana kumatunta su yi tabo. Mun yi na sanyi, mun yi ruƙiyya, kawunmu ya ce sammu ne saboda gadon da har yau ba a raba ba, shi ya riƙe takardun gidan ma. Ƙarshe gwajin jini ya nuna lupus, wai garkuwar jikinta ce ke yaƙar ta. Aka ba ta hydroxychloroquine da prednisolone, ta kumbura, ta ajiye. Yanzu na karanta cewa a 2022 likitoci a Erlangen ta Jamus sun ɗebi ƙwayoyin garkuwar mutum biyar, suka gyara su, suka mayar musu, ciwon ya lafa har suka bar magani. CAR-T sunansa. Ina da fili. In sayar in kai ta can?

Hajiya Binta: Kada ki sayar da komai, 'yata. Sanyi ne. Kurkum da zuma da habbatus sauda, safe da dare. Wancan hydroxychloroquine ɗin ai ɗan uwan maganin zazzaɓin cizon sauro ne, me ya haɗa shi da gaɓoɓi?

Ummu Sadik: Ku har kun ga likita. Ni wata uku ina bin layi a wani asibiti, ranar da na samu shiga aka ce katina ya ɓata.

Sista Rabi: Maman Walid, a tashi ɗaya ta yanke prednisolone? Haɗari ne, a hankali likita ke rage shi. Kuma lupus na taɓa ƙoda, kumburin zai iya zama daga can. A gwada fitsarinta gobe. CAR-T ɗin nan har yanzu bincike ne, ga waɗanda magunguna suka gaza musu, kuma sai an fara da maganin ciwon daji mai ƙarfi.

Hajiya Binta: Sista, ni na yi jinyar mutum uku da kurkum. Ku dai komai Turawa.

Maman Walid: Sista, ba sakaci muka yi ba fa. Bikinta saura wata biyu, ya za ta shiga lalle fuska kamar an hura? Dangin miji ba su san komai ba. Ni dai kuɗin Jamus nake tambaya, akwai wadda ta sani?

Ummu Sadik: Filin a wace unguwa yake?