Yaya ake ɗaukar bidiyon maganar hannu don bincike ba tare da an ɓata shi ba?

Sadiya K/Marusa:
Assalamu alaikum malamai. Ana shirin tattara maganar hannu ta kuramen Katsina da Daura don nazarin harshe, mutum 30 ake son ɗauka. Kayan aikin: kyamara ɗaya, waya ɗaya, da jerin kalmomi 200 da aka rubuta da Hausa. Shin wannan ya wadatar? Kuma yaya ake neman izini ga wanda bai iya karatu ba?

Malam Lawal Daura:
Wa'alaikumus salam Malama Sadiya. Ki fara ajiye jerin kalmomin nan gefe. Idan kika nuna wa kurma rubutu, ko tafinta ya karanta masa, abin da zai ba ki shi ne fassarar kalmar, sau da yawa ma da alamar makaranta. Alamomin makaranta kuwa tushensu maganar hannun Amurka ce, wadda Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke mai kafa makarantun kurame, ya kawo Ibadan a 1960. Maganar Hannu ta ƙasar Hausa harshe ne daban, ita ce masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta fitar da littafi a 2000. Wanda ya yi makarantar kurame ta Malumfashi da dattijon da bai taɓa shiga aji ba za su iya ba ki alama biyu ga abu ɗaya, kuma duka biyun bayani ne. Don haka ga kowane mutum ki rubuta shekarunsa, garinsu, lokacin da ya kurmance, makarantar da ya yi in ya yi, da ko akwai kurame a gidansu.

Maimakon rubutu a yi amfani da hotuna na abin da aka sani: tulu, amalanke, tuwo, kasuwar dabbobi. Mafi kyau kuma a zaunar da mutum biyu da suka saba da juna su yi hira, kurma ne zai ja ragamar zaman, masu ji su fita daga ɗakin. Da zarar mai ji ya zauna a gabansu sai su rage sauri, su riƙa motsa baki suna bin tsarin Hausar baka don su taimaka masa. Wannan karamci ne, amma yana lalata bayanan.

Injiniya Bishir:
A ɓangaren na'ura: a saita kyamara a 1080p, hoto 50 a daƙiƙa, saurin rufewar idon kyamara 1/100 na daƙiƙa ko sama. A hoto 25 yatsu kan narke su zama inuwa idan hannu ya yi sauri. An zaɓi 50 ne ba 60 ba saboda wutarmu 50Hz ce, in ba haka ba fitila za ta riƙa walƙiya a bidiyon. Hoton ya kama daga ƙugu zuwa kamar taƙi ɗaya saman kai, da fili a gefe biyu. Bango mara ado, haske daga gaba, kada taga ta kasance a bayan mutum. Babbar riga da dogon hijabi suna ɓoye gwiwar hannu, sai a roƙi a zo da tufafi mai launi ɗaya da ƙaramin hijabi, mata kuma mace ta ɗauke su.

In za a haɗa waya da kyamara, mutum ɗaya ya tafa a fili a farkon kowace ɗauka don daidaita su. Waya tana sauya yawan hoto da kanta, to a gyara fayil ɗin da manhajar sauya bidiyo ta HandBrake kafin a sa shi a ELAN, manhajar da ake rubuta bayanin alamomi a kan bidiyo da ita, in ba haka ba lokutan za su goce. Awa ɗaya kan ci kusan 12GB, a ajiye kwafi a wuri biyu tun ranar. A watan Afrilu kyamara kan mutu don zafi, ɗaukar safe ta fi.

Hajiya Binta, tafinta:
Ƙanwata, batun izini ya fi duk wannan nauyi. A binciken murya ana iya ɓoye suna, a nan ba a iya rufe fuska, domin gira da baki da kumatu su ne ke bambanta tambaya da umarni da ƙi. Duk wanda ya ga bidiyon zai gane mai shi. Sa hannu ko dangwala a takardar da bai karanta ba ba izini ba ne. Kurma ya yi bayanin da maganar hannu, a ɗauki bayanin da amsar a bidiyo, kuma a raba tambayar: ka yarda masu bincike su gani? A nuna a aji? A ɗora a intanet? Da yawa za su yarda da na farko su ƙi na uku. Kada uba ko miji ya amsa a madadin baligi, ko da an nemi yardarsu don mutunci. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba wanda aka ɗauka damar janyewa daga baya, a faɗa masa wa zai tuntuɓa.

A shiga ta hannun shugabannin ƙungiyar kurame ta jiha, a biya kuɗin mota da na yinin da aka hana mutum sana'arsa, a ba kowa kwafin bidiyonsa. Sannan a ware kuɗin kurame biyu da za su zauna wajen rubuta alamomin, don minti ɗaya na hira kan ci awa guda ko fiye a ELAN. Mutum 30 a minti 20 kowanne minti 600 ke nan, ki yi lissafin watannin tun yanzu.