Tsofaffin kekunan Japan: zuwa aiki da ɗaukar kaya

Wani malamin firamare daga Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin sayen keken gwanjo ɗan Japan, irin mai kwando a gaba, domin zuwa makaranta da ɗauko ruwa da yamma. Ina roƙon waɗanda suka taɓa hawa su faɗa mini gaskiyar abin da suka gani.

Wani tela daga Kano:
Wa alaikumus salam, Malam. Shekara huɗu ke nan ina hawan Bridgestone mai giya uku ta Shimano, wadda ke rufe cikin cibiyar wilin baya, saboda haka ƙurar hunturu ba ta shiga cikinta, kuma murfin sarƙa yana kare mini ƙafar wando daga baƙin mai. Wajen zuwa aiki ban ga kamarsa ba. Abin da ya dame ni shi ne birkin baya, wanda tun da damina ta jiƙa shi yake ƙara har yaran unguwa kan san na iso tun ban shawo kwana ba.

Wani mai gyaran keke:
Malam, kafin ka biya kuɗi ka karanta lambar da ke jikin taya. Yawancinsu 26 x 1 3/8 ne ko 27 x 1 3/8, ba 28 x 1 1/2 irin na Raleigh da Phoenix da muka saba da su ba, kuma tayar keken hawan dutse ba ta zama a wilinsu ko da an rubuta mata 26. Ka leƙa kariyar ma, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, domin sau da yawa akan buga nauyin da za ta iya ɗauka, kilo 18 ko 27, alhali jarka ɗaya mai lita 25 ta riga ta kai kilo 25.

Wani mai sayar da hatsi daga Maraɗi:
Gaskiya mai gyara ya faɗa. Na ɗora wa kekena na Japan, ƙirar Miyata, buhun gero, ban yi nisa da kasuwa ba sifoki uku suka tsinke, wilin ya karkace, na ƙarasa gida ina turawa. Yanzu Phoenix ke ɗaukar buhu, Miyatar kuwa ta koma hannun 'yata, wadda ke zuwa islamiyya da ita saboda ba ta da sandar tsakiya da za ta riƙe mata hijabi.

Malamin firamare:
Na gode ƙwarai. Zan saya, amma jarka ɗaya zan riƙa ɗorawa, in yi sahu biyu.